Darasi na 9: Gina Bangon Dutse da Kumfa a Tankin Kifin Teku

A wannan darasi za ku koyi yadda ake gina bango na dutse da kumfar gwangwani a jikin gilashin baya na tankin kifin teku, ta yadda bangon zai zauna daram a cikin ruwa, ba zai sa wa kifi guba ba, kuma ba zai tare wa ruwa hanya ba. Aiki ne da ake yi a ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Ingila da Holan, inda mutane ke ajiye kifayen teku da murjani mai rai a falo, a ofis, a otal da ɗakin jiran asibiti. Amma yawancin kayan aikin irin waɗanda masu gilashi da masu wayarin da masu aikin famfo ke riƙewa kullum ne, lissafin da ke ciki kuwa bai fi ƙarfin wanda ya iya sau da rabawa ba.

Abin da ake kwaikwayo

Waɗanda ke zaune a Fot Sudan, ko suka taɓa leƙa ƙarƙashin ruwan Bahar Maliya, sun san kamannin abin. Kimanin kilomita 25 daga gaɓar garin akwai Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga zurfin teku, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Gefensa a tsaye yake, ya gangara ƙasa tiryan-tiryan, cike da kogo da tsaga da baranda. Murjanin da ya gina shi dabba ce ƙarama da ke zaune jama'a-jama'a, tana fitar da ƙashi na sinadarin kalsiyam kabonet, wato sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Tsofaffi su mutu, sababbi su ɗora gini a kan ƙashinsu, har abin ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa.

Kifin da ya fito daga irin wannan wuri bai saba da fili ba. Da ya ga inuwa ta gifta sai ya faɗa rami, da dare kuma a tsaga yake kwana. In aka sa shi a tankin da ba maɓoya, zai yini a kusurwa, ya ƙi cin abinci, launinsa ya dushe, cuta ta same shi cikin sauƙi. Don haka bangon da za mu gina, kafin ya zama ado, gidan kwanan kifi ne. Yana kuma ɓoye bututu da wayoyin da ke ɓata kyan tanki, ya bar wa kifi tsakiyar ruwa su yi iyo, maimakon tulin duwatsu a ƙasa da ke cin wuri, wanda kuma kan rushe ya fasa gilashi.

Akwai wani aikin da ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce ko da kaɗan ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ƙofofin dutse su ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har lokacin canjin ruwa. Wani mai kiwon kifi a Jakarta ta Indunusiya, Lee Chin Eng, shi ya fara yayata wannan hanya a farkon shekarun 1960, da ya nuna dutsen da aka ɗebo daga teku da rayukan da ke jikinsa ya isa ya riƙe tsabtar tanki. Masu kiwo a Balin ta Jamus suka inganta ta a shekarun 1970. Daga nan kasuwar “dutse mai rai” ta buɗe, aka yi ta farfasa gidajen murjani ana lodawa a jirgi. Ɓarnar ta kai ga tun daga 1997 babu halin ɗibar irin wannan dutse a ruwan Fulorida ta Amurka sai wanda aka zuba da hannu aka rena, ƙasar Fiji ma ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017. Wannan hani daidai ne, kuma mai koyon sana'ar nan ya kamata ya shiga da sanin cewa ba ya buƙatar a fasa masa teku. Busasshen dutse da aka haƙo a tudu, in aka ba shi lokaci, bakteriya za su cika shi.

Kayan aiki

Dutse shi ne farko, kuma a kansa ya kamata ku fi ɓata lokaci. Wanda ake so shi ne dutsen farar ƙasa mai ƙofofi, marar nauyi in aka gwada da girmansa, wanda in kun ɗaga shi sama za ku ga ramuka sun shiga juna. Gwajinsa mai sauƙi ne: ku kankare gefe ɗaya, ku ɗiga masa binega ko ruwan lemun tsami. In ya yi ƙananan kumfa yana tsuwwa, kalsiyam kabonet ne. Marmara ba ta shiga wannan tanki, domin janta na ƙarfe ne. Duk dutsen da ke da jijiya mai sheƙi, ko tabon tsatsa, ko kore-kore irin na jan ƙarfe, a ajiye shi gefe. Jan ƙarfe ko ɗan mitsitsi yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar kankare kuwa nauyi ne kawai, ba shi da ƙofar da bakteriya za su zauna.

A Amurka ana sayar da tsohon dutsen murjani da aka haƙo a tudu a Fulorida, wanda teku ta janye ta bari tun zamanin da. Mu ma ƙasarmu ba ta rasa dutsen da teku ta bari ba: farar ƙasar Kalambaina ta Sakkwato da ta Malbaza a Nijar, waɗanda ake yin siminti da su, a ƙarƙashin wata tsohuwar teku suka taru, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsu. Sai dai irin wannan dutse yakan zo da yumɓu, wani kuma da sinadarin fosfet, wanda taki ne ga gansakuka. Wanda zai yi amfani da shi sai ya zaɓi mai ramuka, ya goge shi da buroshi, ya jiƙa shi makonni yana canza ruwa, yana auna fosfet da ma'aunin da ake sayarwa a shagon kayan kifi, har sai awon ya sauka.

Na biyu kumfa. Ita ce wadda ake sayarwa a gwangwani mai dogon tsinke, masu sa ƙofa da taga na cike giɓi da ita. Sinadarinta foliyuritan ne, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Tana fitowa da danƙo, ta kumbura ninki biyu ko uku, ta daskare in ta haɗu da danshin iska. Ku riƙe wannan magana ta danshi, za mu koma kanta. Baƙar kumfa da aka yi domin tafkin lambu ita ake nema, irin su Great Stuff Pond & Stone ko Touch 'n Foam Landscape, saboda ta fi rawayar kumfar ƙofa da taga jure haske, kuma in ta ɗan bayyana a tsakanin duwatsu sai ta yi kamar inuwa. Wadda aka rubuta wa maganin gobara ko korar ƙwari an ƙara mata sinadaran da ba a san yadda za su yi da kifi ba, kada a taɓa ta.

Sauran kayan ba su da wuyar bayani. Ragar roba mai gida-gida murabba'i, irin wadda ake rufe fitilar silin da ita, ita ce ƙashin bayan bangon. Igiyar roba mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, a zaɓi wadda ba ƙarfe a bakinta. Gam mai ruwa biyu, wato ifoksi, irin mai tsinkewa da ake shafawa da buroshi. Busasshen yashin teku na aragonait. Silikon na gilashi zalla. Wanda aka yi domin banɗaki da kicin yana da maganin hana fumfuna, kuma wannan magani guba ne a tanki. Sai guntayen bututun roba na ruwa, guduma, filaya, zarto, injin huda, leda mai faɗi, safar hannu da tabarau.

Lissafin da ke hana bango tasowa

A nan ne yawancin masu farawa ke yin asara, saboda haka za mu tsaya sosai. Kumfa in ta daskare kusan duk cikinta iska ce. Lita ɗaya tata galibi ba ta wuce giram 30 ba, alhali lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya, wajen giram 1,025. Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a Sirakus ta tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ya bayyana ƙa'idar: duk abin da aka nutsar, ruwa na tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Wanda ya ga masunta a Argungu kwance a kan gora, ƙato guda amma gorar ta ƙi nutsewa, ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. Bangon da kumfa ta yi wa yawa haka zai yi: ana cika tanki da ruwa sai ya ɓalle daga gilashi, ya yunƙuro sama, ya bugi fitila ko sandar da ta riƙe bakin tankin.

Ga yadda ake lissafawa. Kowace lita ta kumfa tana ɗaga kimanin kilo ɗaya. Shi ma dutse yana rage nauyi a cikin ruwa. Lita ɗaya ta kalsiyam kabonet tana da nauyin kilo 2.7, ke nan kilo ɗaya na dutse yana ture ruwa lita 0.37, ya rasa wajen giram 380, ya saura da giram 620 kacal na dannawa ƙasa. In kuka raba 1,000 da 620 za ku sami 1.6. To, wannan adadi shi ne abin haddacewa: kowace lita ta kumfa tana buƙatar dutse kilo 1.6, awon da aka yi a busashe.

Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 90 da tsayin santimita 45. Faɗin bangon baya 90 sau 45, wato 4,050. In kaurin kumfar, a matsakaici, santimita 2 ne, sai a ce 4,050 sau 2, ya ba da 8,100. A raba da 1,000 a sami lita 8.1. Lita 8 sau 1.6 ya kama kusan kilo 13 na dutse, kuma wannan don bangon ya tsaya a kan iyaka ne kawai, bai nutse sosai ba bai taso ba. In hannu ya yi nauyi a kan gwangwani har kaurin ya kai santimita 4, dutsen da ake buƙata ya koma kilo 26. Ƙarin santimita biyu, abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, ya ninka nauyin da ake nema.

Abin da lissafin nan ke faɗa a fili yake. Dutse shi ne bangon, kumfa ɗauri ce da cike giɓi. Na fi son in ga ɗalibi ya ƙare aikinsa da ragowar kumfa a gwangwani da in ga ya buɗe na biyu. Kuma ko lissafi ya fita, a ƙara kariya biyu: a yi wa ragar ƙafa, wato wani yanki da zai kwanta a ƙasan tanki ya haɗu da na tsaye kamar kusurwar ɗaki, a ɗora masa manyan duwatsu, sannan a manne bayan bangon da silikon.

Tsarawa kafin a taɓa gwangwani

Ku auna cikin tankin, kada ku auna wajensa, kuma ku dubi bakinsa. Manyan tankuna suna da sanda a tsakiya ko gemu a gefe, bango guda ɗaya mai faɗi ba zai shige ba. A yanka ragar gida biyu ko uku da filaya, a gwada kowanne ya shiga ya fita ba tare da gogar gilashi ba, a bar ɗan sarari kamar rabin santimita a kowane gefe. Layin da yankuna za su haɗu kada ya zama miƙaƙƙe. A bar wani dutse na wannan yanki ya leƙa kan wancan, sai mahaɗar ta ɓace.

Sa'an nan a yi wa ragar alama a duk inda wani abu zai bi: bakin bututun da ke dawo da ruwa, magudanar da ruwa ke malalawa zuwa matata, da wurin injin kaɗa ruwa. Yawancin waɗannan injuna da maganaɗisu ake kafa su, ɗaya a ciki ɗaya a waje, don haka suna buƙatar gilashi tsirara. In an manta da su har kumfa ta rufe wurin, sai dai a sa wuƙa.

A shimfiɗa leda a ƙasa, a kwantar da ragar, a fara jera duwatsu a busashe. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, don nauyi ya taru a gindi. Duk dutsen da ya fi dunƙulen hannu a huda shi, ko a nemi ramin da Allah ya yi masa, a zura igiyar roba a ɗaure shi da ragar tamau. Kumfa kaɗai ba za ta riƙe babban dutse shekara da shekaru ba. Faffaɗan duwatsu a kafa su a kwance su zama baranda, wasu sama wasu ƙasa, domin murjani ba buƙatarsu ɗaya ba: masu rassa irin su Akurofora suna son haske mai ƙarfi kusa da fitila, masu taushi kuwa sun fi jin daɗi a ƙasa inda haske ya yi sanyi. Baranda kada ta yi tsawon da za ta jefa duk abin da ke ƙarƙashinta cikin duhu. Kogo kuma da guntun bututu ake yin sa, a kwantar da shi a karkace, a rufe bakinsa da tsakuwa. Ya kasance yana da ƙofa biyu, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can, kifin da aka koro ma ya sami hanyar tsira.

In kun gama jerawa, ku jingina ragar a tsaye, ku ja da baya ku duba daga inda mai kallo zai zauna. Ku bar ta ta kwana, ku sake dubawa da safe. A wannan mataki gyara kyauta ne. Bayan an fesa kumfa, kowane gyara sai da zarto.

Fesawa

A yi aikin a waje ko a rumfa mai iska. Ɗanyar kumfa tana ɗauke da sinadarin aisosayanet da ke harzuƙa huhu da ido, iskar da ke turo ta daga gwangwani kuma tana kama wuta, don haka ba taba, ba murhu, ba janareta a kusa. Kada a bar gwangwanin a cikin mota a rana. A sa safar hannu da tsofaffin tufafi. In ɗanya ta taɓa abu, asiton, wato ruwan goge jan farce, yana cire ta. In ta bushe a fata kuwa sai dai a yi haƙuri ta saɓule da kanta cikin kwanaki.

A girgiza gwangwani sosai, a kifa shi kai ƙasa, a zura tsinken cikin giɓin da ke tsakanin duwatsu har ya taɓa ragar, a matsa a hankali. Rabin giɓin za a cika, sauran rabin ita za ta cika da kanta. Ana so ta ratsa gidajen ragar ta kama ta ta baya, ledar da aka shimfiɗa ita za ta sa bayan ya fito sumul.

Yanzu maganar danshi. Kumfar nan ruwan da ke cikin iska take sha ta daskare. In aka tula ta da kauri wuri ɗaya, waje zai yi ɓawo ciki ya zauna ɗanye, ɗanyen kuwa shi ne mai cutarwa. Saboda haka a riƙa yi siriri-siriri, hawa-hawa, ana barin kowane hawa ya kama. Lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙayau, ko a duk wurin da ba laima, a yayyafa wa ragar da duwatsun ruwa kaɗan da abin fesa kafin a fara, a kuma ƙara yayyafawa tsakanin hawa da hawa.

Bayan 'yan mintoci samanta zai fara yin fata, ya daina kama yatsa. Wannan ɗan lokaci shi ne na gyaran fuska. Ɗanyar kumfa in an ƙyale ta takan fito dunƙule-dunƙule, sumul, kowa ya gani ya san ba dutse ba ce. Da yatsa a cikin safa sai a danna ta, a tsunkule ta, a fitar da iskar ciki. Danna ta yana rage kumburinta, ke nan yana rage ƙarfin tasowarta, riba biyu. A cusa ƙananan tsakuwa a duk inda ta yi faɗi. Wasu na watsa mata gishiri mai manyan ƙwayoyi tun tana ɗanya; in ta bushe aka wanke, gishirin ya narke, ya bar ƙananan ramuka irin na dutsen gaske.

Kumfa tana jan jiki yayin bushewa, takan lanƙwasa ragar ta zama kamar baka. A danne kusurwoyin da bulo, a bar ta kwana ɗaya cur, in ta yi kauri kwana biyu. Sa'an nan a kifa bangon, a yanke duk abin da ya tsiro ta baya da zarto, a fere na gaba da wuƙa.

Rufi da yashi

Fitilun tankin murjani suna da ƙarfi, kuma haskensu ya karkata ga shuɗi. A ƙarƙashinsu kumfar da ba a rufe ba tana dushewa, ta riƙa marmashewa a hankali. Bushiyar teku ma in tana kiwon gansakuka takan ƙwaƙule ta da haƙoranta. Maganin wannan shi ne a shafe ta da ifoksi. A haɗa ruwan biyu daidai da awon da aka rubuta a jikin kwalba, kaɗan-kaɗan, domin da an gauraya su lokaci ya fara tafiya, kuma zafi yana gaggauta daskarewarsa. A shafa a kan kumfa kawai. Dutse a bar shi yadda yake. In aka toshe ƙofofinsa an kashe amfaninsa, an kuma kulle iska a cikinsa. Tun gam ɗin yana jiƙe a barbaɗa busasshen yashi da yawa, a ɗan danna, a bar shi ya bushe, a karkaɗe wanda bai kama ba. Inda baƙi ya leƙo a maimaita. In har bayan lokacin da aka rubuta gam ɗin yana danƙo, awon haɗin bai yi daidai ba. A kankare wurin a sake, kada a sa shi a ruwa a haka.

Kafawa da jira

A goge gilashin baya ya bushe. Silikon yana kama gilashi ƙam, amma ba ya kama roba sosai. Dabarar ita ce a bar wasu gidajen ragar a buɗe, a matsa silikon da yawa ta cikinsu har ya tuntsuro ta gaba ya yi kai kamar na ƙusa, ya riƙe ragar ta hanyar maƙalewa. A tokare bangon da sanduna, a ba shi aƙalla kwana biyu, in an zuba da kauri har mako, sai warin tsami ya ɗauke gaba ɗaya.

A duba gefuna da idon basira. Giɓi tsakanin bango da gilashi, wanda ɗan kifi zai iya shiga amma ba zai iya juyowa ba, tarko ne. Datti ma a can yake taruwa ya ruɓe inda ba hannun da zai kai. A toshe duk irin wannan giɓi da silikon ko guntun kumfa.

Ruwan farko na gwaji ne, ruwan daɗi. A cika a hankali ana kallon ko bangon zai motsa. A kunna famfo, a jefa ɗan garin abincin kifi a ga inda ruwa ke kai shi. Duk inda ya kwanta ya ƙi tashi, ruwan wurin matacce ne, a juya bakin injin. A bar shi kwanaki, a zubar, a sake. Bayan haka a haɗa ruwan gishiri da tataccen ruwa da gishirin da aka yi musamman don tankin teku, giram 35 a kowace lita, ma'auni ya nuna 1.025 ko 1.026. Gishirin miya ba ya yi, domin babu kalsiyam da maganiziyam da sauran abin da ruwan teku ya ƙunsa. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Wanda ke garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ko inda wuta ke yawan ɗaukewa, ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da sola tun kafin ya sayi kifi ko ɗaya, don murjani yana fara fari ya mutu in ruwa ya daɗe a sama da digiri 30.

A sa gawayin tace ruwa a matata, a zuba bakteriya na kwalba da ɗan abin da za su ci, a riƙa awo. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo ta ya hau ya sauka. Yawanci mako huɗu zuwa shida ake yi. Sai dukansu biyun sun koma sifili ake sa kifin farko. A makonnin nan bangon zai yi ƙasa-ƙasa, daga baya ya yi kore, kuma ba abin tsoro ba ne. Cikin watanni, in kalsiyam na ruwan ya isa, wata gansakuka mai ɓawo, ruwan hoda da shunayya, za ta fara bin dutse da kumfa ba bambanci, har a kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Abin da za a faɗa wa mai tanki

Wanda zai yi wa wani wannan aiki don kuɗi, akwai gaskiyar da ya wajaba ya faɗa masa tun kafin a yi ciniki. Bangon da aka manne ba ya fita sai an kwashe tankin kaf. In wani mugun tsiro ko ƙwaro ya kama shi, ba a iya ciro dutse ɗaya a wanke kamar yadda ake yi da tulin duwatsu. Kama kifi marar lafiya yana zama wahala saboda yawan maɓoya. Kuma bangon yana cin wuri: a tankin da faɗinsa daga gaba zuwa baya bai kai santimita 40 ba, in aka ba bango santimita 10 an cinye fiye da rubu'in wurin iyo. A irin wannan siririn tanki ban ba da shawarar a rufe bayan duka ba. A yi rabi, ko a yi ginshiƙi ɗaya a kusurwa da zai ɓoye bututu.

Aikin yi

Tanki ne mai tsawon santimita 120 da tsayin santimita 50, kaurin kumfa a matsakaici santimita 3. Ku fitar da yawan litar kumfar, da kilon dutsen da zai hana ta tasowa. Sa'an nan ku sake lissafin da kaurin santimita 1.5, ku rubuta bambancin.

Ku bayyana da kalmominku dalilin da ya sa ake yayyafa ruwa kafin a fesa kumfa lokacin hunturu, da dalilin da ya sa ba a shafa wa dutse ifoksi.

Kowane ɗalibi ya samo duwatsu iri uku daga unguwarsu, ya gwada su da ruwan lemun tsami, ya rubuta wanda ya yi tsuwwa da wanda bai yi ba. A zo da su aji a darasi na gaba tare da safar hannu da tsohuwar riga, domin za mu gina ƙaramin bango mai santimita 30 sau 30, mu jefa shi a baho mu ga ko zai nutse.